Yadda ake hasashen makomar mai ciwon kumburin tsoka

A ɗauki majinyata biyu da suka zo asibiti rana ɗaya. Ta farko mace ce 'yar shekara 35, ba ta iya tashi daga kujera sai an kama ta, ba ta iya ɗaga hannu ta taje kanta, kuma gwajin CK ɗinta, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsoka na lalacewa, ya haura 8,000. Na biyu namiji ne ɗan shekara 52, da ƙafarsa ya shigo, ƙarfinsa na nan, CK ɗinsa daidai yake. Abin da ya kawo shi ƙuraje ne a gaɓoɓin yatsu da busasshen tari na mako uku. Ido zai ce macen ce ke bakin rami. Sau da yawa kuwa namijin ne. Macen na iya shan wahalar jinya ta warke ta ci gaba da harkokinta, shi kuma huhunsa na iya gazawa cikin 'yan makonni idan aka sallame shi da maganin shafawa.

Cututtukan da likitoci ke haɗawa a ƙarƙashin sunan mayosaitis, wato waɗanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tsoka, ba raunin tsokar ba ne yakan yi kisa. Abubuwa huɗu ne ke ɗaukar mafi yawan rayuka: ciwon huhu, ciwon daji, ciwon zuciya, da kamuwa da ƙwayoyin cuta. Matsalar haɗiya tana bin bayansu, tana buɗe wa na huɗun ƙofa. Hasashen makoma kuwa ba komai ba ne illa bin waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya a ga wacce ke buɗe. Wannan jagora domin ma'aikatan lafiya ne da ɗalibai, amma majinyaci da danginsa za su samu abin da za su tambayi likita a ciki.

Mataki na ɗaya: a tantance nau'in ciwon

Ma'aunin Bohan da Peter na 1975 ya tsaya ne a kan folimayosaitis da damatomayosaitis. Ƙungiyoyin EULAR da ACR, na likitocin cututtukan gaɓoɓi a Turai da Amurka, sun fitar da sabon ma'auni a 2017, kuma a yau an fahimci cewa da yawa daga waɗanda a da ake kira masu folimayosaitis wani abu ne daban ke damunsu. Idan takardar majinyaci ta ce "mayosaitis" kawai, ba a fara hasashe ba tukuna.

Damatomayosaitis, mai zuwa da alamun fata, shi ke da kusanci da ciwon daji da kuma ciwon huhu mai sauri. Akwai nau'insa da fata kaɗai ke nuna ciwo, tsoka lafiya lau, kuma rashin raunin nan ba albishir ba ne. Ciwon antisintetes yana haɗa tsoka da huhu da gaɓoɓi da kaushin yatsu irin na mai aikin hannu. Huhu ne ke yanke makomarsa. Nau'in da ke kashe ƙwayoyin tsoka kai tsaye, mai alaƙa da antibodin SRP ko HMGCR (antibodi sinadarin garkuwar jiki ne da ake ganowa a gwajin jini), yana kawo CK mai yawa da rauni mai tsanani, barazanarsa ta fi karkata ga nakasa. Nau'in IBM (inclusion body myositis) yana kama waɗanda suka haura 45 zuwa 50, yana cin tsokar cinya da ta lanƙwasa yatsu a hankali cikin shekaru, ba ya jin maganin danne garkuwa, kuma haɗarinsa yana zuwa ta ƙwarewa da abinci da faɗuwa. Na yara kuwa ba shi da alaƙa da ciwon daji, kuma mace-mace a cikinsa sun ragu ƙwarai tun zuwan sitiroid.

A lura da fata da kyau. A jikin mai duhun fata jan da littattafai ke nunawa ba ya fita. Abin da za a gani shi ne fatar ta ƙara duhu ko ta yi shuɗi-shuɗi a fatar ido, da gaɓoɓin yatsu, da gwiwar hannu. A juya tafin hannu a duba. Ƙuraje masu zafi a tafin hannu, da gyambo a kan gaɓoɓin yatsu, da miki a baki, da zubewar gashi, duka suna nuni zuwa ga antibodin MDA5, mai alaƙa da ciwon huhu mai sauri, tun kafin sakamakon jini ya dawo.

Mataki na biyu: a rubuta kwanan wata

A rubuta ranar da alamar farko ta bayyana, da ranar da numfashi ya fara canzawa, da ranar da aka fara magani. Dalilin shi ne haɗarin mutuwa bai bazu daidai a tsawon jinya ba. Wani binciken da aka yi a faɗin ƙasar Suwidin, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna masu wannan ciwo sun fi sauran jama'a haɗarin mutuwa kusan ninki huɗu, amma a shekarar farko bayan gano ciwon ninkin ya kusa goma. Saboda haka wanda ke wata na biyu da wanda ke shekara ta biyar, ko da antibodinsu ɗaya ne, ba magana ɗaya za a yi musu ba. Shekarun haihuwa ma suna da nauyi: tsufa a lokacin da ciwon ya fara yana cikin alamun da kusan kowane bincike ya samu suna rage tsawon rai, haka nan jinkirin gano ciwon.

Mataki na uku: huhu

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Kowane sabon majinyaci a bincika huhunsa, ko yana tari ko ba ya yi. Mai raunin ƙafa ba ya tafiyar da za ta sa shi haki, don haka cewarsa "numfashina lafiya" ba hujja ba ce.

A saurari gindin huhu ta baya, a nemi ƙarar nan mai kama da murza gashi kusa da kunne. A auna oksijin a zaune, sannan a sa shi tafiyar minti shida a sake aunawa. Faɗuwar maki 4 ko fiye, ko sauka zuwa 88 cikin ɗari, abin ɗauka ne da muhimmanci. Na'urar yatsa takan nuna adadin da ya fi na gaskiya a jikin masu duhun fata, kuma tana rikicewa idan yatsu sun yi sanyi ko jini ba ya isa gare su, abin da ya zama ruwan dare a waɗannan cututtuka. Idan akwai shakka a ɗebi jinin jijiya a auna iskar kai tsaye.

Hoton ƙirji na yau da kullum yana iya fitowa fes alhali ciwo ya fara. Hoton CT mai siraran yanka shi ne abin dogaro. Abin dubawa shi ne faɗin wurin da ya kamu, da ko hazo ne da cushewa, waɗanda ke iya ja da baya da magani, ko kuwa tabo ne mai kama da saƙar zuma, wanda ba ya komawa. Cushewa a gindin huhu a jikin mai MDA5 mummunar alama ce. Haka ma iskar da ta ɓalle ta taru a tsakiyar ƙirji ko ƙarƙashin fatar wuya.

Gwajin hura iska yana ba da lambobi biyu masu amfani: FVC, wato yawan iskar da mutum ke iya fitarwa, da DLCO, wato yadda iskar ke ratsawa zuwa jini. Ga inda ake yawan kuskure: FVC na iya sauka saboda tsokar numfashi ta yi rauni, ba don huhun ya lalace ba. Hanyar rarrabewa ita ce a auna FVC a zaune, a sake aunawa a kwance rigingine. Idan ya faɗi da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ko fiye, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne ya raunana. Maganin wannan daban, kuma irin wannan majinyaci yana iya tara gurɓatacciyar iska cikin barci alhali oksijin ɗinsa na rana bai nuna komai ba.

Tambaya mafi nauyi ita ce saurin ciwon. Idan haki da ƙarancin oksijin da hoton huhu suna ta taɓarɓarewa cikin wata uku daga fara alamun numfashi, ana kiransa ciwon huhu mai saurin ci. Wannan shi ne abu guda mafi hatsari a duk wannan fanni, kuma ana auna shi da kwanaki ne.

Mataki na huɗu: antibodi

A ɗebi jinin kafin a ba da IVIG, domin wannan ruwan garkuwar da aka tara daga jinin mutane da yawa yana iya sa gwaji ya nuna abin da babu. Kada kuma a tsaya don gwajin ANA, mai neman antibodin da ke afka wa cibiyar ƙwayar halitta, ya fito babu komai. MDA5 da Jo-1 ba a cibiyar ƙwayar halitta suke ba, don haka ANA na iya yin shiru.

MDA5, wanda likitocin Japan suka fara bayyanawa a 2005 da sunan CADM-140, shi ne mafi alaƙa da ciwon huhu mai sauri, kuma mafi yawan masu mutuwa da shi cikin wata shida na farko suke tafiya. Wanda ya tsallake wannan lokaci yakan samu sauƙi mai ɗorewa. A cikin dangin antisintetes, masu PL-7 da PL-12 sun fi masu Jo-1 gajeren rai, wani ɓangare saboda ciwonsu yakan zo da huhu kaɗai, sai a daɗe ana yi musu maganin nimoniya. Ro52 idan ya haɗu da MDA5 ko antisintetes yana nuna huhu zai fi tsanani. TIF1-gamma da NXP2 a jikin babba suna nuni da ciwon daji. Mi-2 yakan zo da ƙurajen da kowa zai gane da CK mai yawa, amma yana jin magani, kuma huhu bai cika kamuwa ba.

Gwajin da aka fi samu shi ne na tsiri mai ɗauke da antibodi da yawa a jere, kuma yana ba da amsar ƙarya, musamman idan layin ya fito dishi-dishi. Waɗannan antibodi ba su cika haɗuwa biyu a jikin mutum ɗaya ba, ban da Ro52 da ire-irensa. Idan takarda ta nuna uku ko huɗu a lokaci guda, gwajin ne abin tuhuma. A gwada sakamakon da abin da ake gani a jikin majinyaci. Idan sun saɓa, jikin ne ke da gaskiya har sai an sake gwaji ta wata hanya.

Mataki na biyar: sauran gwajin jini

CK yana nuna yawan tsokar da ke lalacewa, ba ya nuna wanda zai rayu. A ciwon MDA5 yakan zauna daidai ko ya ɗan ɗaga. Abubuwan da ke magana a kan rai su ne feritin da CRP (alamun kumburi), LDH (alamar lalacewar ƙwayoyin jiki), KL-6 (alamar lalacewar huhu) inda ake yinsa, albumin, da adadin limfosait (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini). Feritin da ya haura 1,500 zuwa 1,600 ng/ml a jikin mai MDA5 da ciwon huhu alama ce mai tayar da hankali, kuma alkiblarsa ta fi adadinsa na rana ɗaya faɗar gaskiya: wanda ke hawa duk da magani yana cewa ciwon bai ji ba. A tuna feritin yana ɗagawa da ƙarin jini, da ciwon hanta, da kamuwa da ƙwayoyin cuta. AST da ALT kuma, waɗanda aka saba aunawa domin hanta, daga tsoka suke iya fitowa. A duba GGT, wani gwajin hanta da ciwon tsoka ba ya ɗagawa, kafin a ɗora wa hanta laifi a dakatar da maganin da ake buƙata.

Mataki na shida: ciwon daji

Haɗarin ya fi yawa cikin shekara uku kafin da bayan fara ciwon, musamman shekarar farko. Ƙungiyar IMACS, ta masu binciken mayosaitis, ta fitar da ƙa'idar bincike a 2023. Manyan alamun haɗari a cikinta su ne: damatomayosaitis, TIF1-gamma, NXP2, fara ciwo bayan shekara 40, ciwon da ya ƙi lafawa duk da magani, matsalar haɗiya mai matsakaici ko tsanani, da mutuwar fata. Mai biyu ko fiye daga cikinsu yana rukunin babban haɗari. A yi masa cikakken bincike tun farko, da hoton CT na wuya da ƙirji da ciki da ƙugu, da binciken nono da bakin mahaifa da gidan ƙwai ga mata, da PSA, gwajin dajin furostet, ga maza, da gwajin jini a bayan gida, sannan a maimaita binciken asali kowace shekara har shekara uku. A mutanen gabashi da kudu maso gabashin Asiya a leƙa bayan hanci, domin dajin wurin ya yi yawa a cikinsu. Antisintetes da ciwon huhu, a nasu ɓangaren, suna cikin alamun ƙaramin haɗarin daji. Idan aka samu dajin, irinsa da matakin da ya kai su ne ke jan ragamar hasashen gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: zuciya da haɗiya

A yi ECG ga kowa, a ƙara hoton zuciya na eko idan akwai bugun da ba daidai ba, kumburin ƙafa, ko hakin da huhu bai bayyana dalilinsa ba. A gwajin tiroponin, alamar lalacewar tsokar zuciya, a nemi nau'in I, ba T ba. Tsokar jiki mai ciwo tana fitar da tiroponin T, sai a yi zaton zuciya ce. Mai shan magungunan daji masu sakin garkuwar jiki, irin su nibolumab da fembrolizumab, idan ya zo da raunin tsoka da faɗuwar fatar ido, a ɗauka zuciyarsa ta kamu har sai an tabbatar da akasin haka. Wannan haɗin yana kisa da sauri.

Haɗiya kuwa tambaya ake yi ƙarara: yana ƙwarewa da ruwa? Ruwa na fitowa ta hanci? Murya ta dishe ko ta koma ta hanci? Ya rame? A gwada ƙarfin lanƙwasa wuya yana kwance, domin raunin wuya yakan tafi tare da na maƙogwaro da na numfashi. A ba shi ruwa kaɗan a gabanka ka ga ko zai yi tari ko murya ta jiƙe.

Mataki na takwas: haɗarin da magani ke kawowa

Wanda ke kan firednisolon mai yawa tare da wani maganin danne garkuwa, ga ƙarancin limfosait, ga huhu mai ciwo, yana cikin haɗarin nimoniyar niumosistis da ƙwayar CMV da cututtukan fangas. A bincika tarin fuka da ciwon hanta nau'in B da C da HIV kafin a fara, a ba da kotirimokzazol na rigakafi inda ya dace, tare da lura cewa bai jituwa da metotireksat, kuma yana ɗaga fotasiyam idan an haɗa shi da takirolimus. Idan numfashi ya ɓaci a mako na huɗu zuwa na goma sha biyu na magani, tambayar ita ce: ciwon ne ya ƙaru ko ƙwayar cuta ce ta shiga? Hoton CT kaɗai ba ya rabawa. Kuskure a nan ta kowane ɓangare yana iya cin rai, don haka a nemi ƙwayoyin cutar da gaske, kuma sau da yawa dole a yi maganin duka biyun kafin sakamako ya fito.

Mataki na tara: ma'aunin maki

Akwai ma'aunai da aka gina don haɗa waɗannan bayanai. FLAIR, daga Shanghai a 2020, an yi shi ne domin masu damatomayosaitis marasa raunin tsoka da ke da ciwon huhu. Feritin 636 ng/ml ko fiye maki 2 ne. LDH 355 U/L ko fiye maki 2. MDA5 maki 2 zuwa 4 gwargwadon ƙarfinsa. Makin CT 133 ko fiye maki 3. Ciwon huhu mai sauri maki 2. Jimilla 0 zuwa 4 ƙaramin haɗari, 5 zuwa 9 matsakaici, 10 zuwa 13 babba. MCK, daga Japan a 2021, ya fi sauƙi: MDA5, da CRP, da KL-6. Ga mai MDA5, iyakar CRP 0.8 mg/dl ce, ga maras shi 1.1, ta KL-6 kuma 1,000 U/ml. Mai MDA5 da duka biyun suka haura yana rukunin da rabi ko fiye ke mutuwa.

A kula da awo. CRP na 0.8 mg/dl daidai yake da 8 mg/L. Wanda ya manta da wannan zai ɗauka CRP na kusan kowa ya haura iyaka. Adadin LDH na al'ada ma ya bambanta daga ɗakin gwaji zuwa wani.

A ganinmu waɗannan ma'aunai suna da amfani wajen farkar da likita, ba wajen kwantar masa da hankali ba. An gina su ne a kan majinyatan Sin da Japan, a manyan asibitocin da ake tura masu tsananin ciwo, kuma yawan ciwon huhu mai sauri a masu MDA5 ya bambanta tsakanin al'ummomi. Kafin a amince da sabon ma'auni, har da waɗanda aka gina da ƙirƙirarriyar basira, a tambaya: an gwada shi a wasu majinyata daban da waɗanda aka gina shi a kansu? Lambar C ɗinsa, mai nuna yadda yake iya rarrabe masu haɗari da marasa shi, nawa ce, tunda 0.5 daidai take da canki-canki, 1.0 kuma cikakkiyar dacewa? Mutum nawa suka mutu a binciken, idan aka kwatanta da yawan abubuwan da aka cusa a lissafin? Ƙananan maki a ranar farko ba sa hana a sake ƙirgawa a rana ta bakwai.

Mataki na goma: a juya hasashe ya zama aiki, a kuma maimaita shi

Amfanin sanin mai babban haɗari shi ne a sauya masa magani tun da wuri. A wani binciken Japan da aka wallafa a 2020, masu MDA5 da ciwon huhu da aka fara wa magani uku a tare, wato sitiroid mai yawa da takirolimus da saikulofosfamaid ta jijiya, kashi 89 cikin ɗari suna raye bayan wata shida. A rukunin baya da aka riƙa ƙara wa magani ɗaya bayan ɗaya, kashi 33 ne. Binciken ƙarami ne, kuma kwatancen da majinyatan baya aka yi, amma ya sauya yadda ake aiki. Tofasitinib, da rituksimab, da IVIG, da tace ruwan jini suna cikin abin da ake ƙarawa idan ciwon ya ƙi ji. Maganar dashen huhu a fara ta kafin majinyaci ya hau injin numfashi, domin masu ciwon huhu mai sauri da suka kai wannan mataki kaɗan ne ke saukowa.

Ga mai babban haɗarin huhu, a auna oksijin kullum, feritin da LDH da CRP da limfosait aƙalla kowane mako a farkon jinya. Ga wanda huhunsa ya lafa, gwajin hura iska duk wata uku zuwa shida. Faɗuwar FVC da kashi 10 cikin ɗari ko DLCO da kashi 15 yana nufin ciwon na ci gaba. Bayan shekarun farko, hankali ya koma kan hawan jini, da sukari, da kitsen jini, da ƙashi, waɗanda doguwar jinya da sitiroid ke ɓatawa.

Idan aka zo yi wa majinyaci da danginsa bayani, kada a jefa musu adadi tsirara. Kashi 50 cikin ɗari labarin rukunin mutane ne, ba ranar ajalin mutum ɗaya ba. A gaya musu wace ƙofa ce ke buɗe a jikinsa, da abin da ake yi a kanta, da lokacin da ya fi hatsari. A rubuta musu alamun da ke nufin a dawo asibiti a ranar ba tare da jiran ranar ganin likita ba: ƙarin haki, zazzaɓi, ƙwarewa da abinci, ciwon ƙirji ko bugun zuciya, kumburin wuya mai ƙara idan an taɓa, da baƙin bayan gida. A kuma ja kunnensu kada a tsayar da firednisolon farat ɗaya ko da jiki ya yi sauƙi, domin wanda ya sha shi fiye da 'yan makonni jikinsa ya rage yin nasa, kuma yankewar na iya saukar da hawan jininsa har ya suma.